Wa za mu tambaya kuɗin tikitin kasuwa?



Shekaranjiya cikin shirin dare wani dattijo ya bugo mana daga wajen Cadawa. Ya ce: "Ku ƴan rediyo ku bar mana zancen zaɓe. An rushe partin siyasa, mun huta. Shekara talatin muna jefa ƙuri'a, mi muka samu?" Mutum huɗu suka biyo bayansa, kowa na cewa gaskiya ya faɗa. Lokaci bai bari mun ba shi amsa ba, shi ya sa muka kawo ta nan.

Baba, rabin maganarka gaskiya ce. Bayan taron ƙasa na 1991, ƙawancen AFC ya kai Mahamane Ousmane kan mulki a 1993, bai cika shekara biyu ba ya tsage. Shugaban ƙasa da firaministansa Hama Amadou suka yi ta ja-in-ja har soja suka shigo ranar 27 ga Janairun 1996. Daga baya mun ga ɗan siyasa na sauya parti kamar riga. Mun ga alhaji ya zuba kuɗin kamfe, bayan zaɓe ya zo karɓar kwangila.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya karɓi sabulu da turmin atamfa? Wa ya sa jikka biyu aljihu ya shiga ɗakin zaɓe? Mu ne. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mu ƴan rediyo ma ba mu fita ba. Lokacin kamfen 2020 ɗan takara kan biya awa guda, ya zo da maroƙansa, mu buɗe masa makirfo, ya gama ya tafi ba mu tambaye shi ko rijiya ɗaya da ya yi alkawari wancan karon ba. Wannan laifinmu ne, mun ɗauka.

To ga sauran rabin da ba ka faɗa ba.

A 2005, muna ƴan kwaleji, gwamnati ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari bisa madara, sukari, fulawa, ruwa da lantarki. Ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka kira zanga-zanga da zaman gida, kasuwanni suka rufe, rediyoyi masu zaman kansu suka ba su baki. An kama shugabanninsu, amma a ƙarshe gwamnati ta janye mafi yawan harajin. Ba bindiga ta yi wannan aiki ba. Bakin talaka ne, da gwamnatin da ke tsoron ranar zaɓe.

A 2009 Tanja Mamadu ya nemi tazarce. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta ce masa a'a. Ya rushe majalisar dokoki a watan Mayu, ya rushe kotun ranar 29 ga Yuni, aka yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta. Alƙalai sun yi nasu. Mu fa? Da yawanmu muna fili muna rawar tazarce. Wata takwas bai cika ba soja suka dawo, 18 ga Fabrairun 2010. Kotun da jama'a ba su tsaya bayanta ba, takarda ɗaya ta isa ta kwashe ta.

Mu dawo gida. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2004, ƙauyukanmu sun san konseye. Wani malalaci ne, wani ɗan amshin shata, ba mu musa ba. Amma ɗan gari ne. Kana ganinsa masallaci, kana tare shi wurin suna ka ce ina zancen fanfonmu, ina zancen azuzuwan zana? Ya san bayan shekara biyar gabanka zai dawo. A Afrilun 2024 an rushe majalisun nan, aka naɗa kantomomi. Ranar 26 ga Maris 2025 aka rushe jam'iyyu baki ɗaya, aka tsaida wa'adin shekara biyar. Kantoma na iya zama mutumin kirki, ba mu zargi kowa ba. Sai dai wanda ya naɗa mutum, shi yake ba rahoto. Alhali tikitin kasuwa bai tsaya ba. Mai buhun aya na biya, mai akuya na biya, tsohuwa mai ƙuli-ƙuli na biya. Kuɗin nan, Baba, wa za ka tambaya?

Mun san tun Yunin 2024 doka ta maido ɗauri kan abin da aka rubuta a intanet, shi ya sa muke auna kowace kalma. Amma tambayar inda harajinka ya shiga ba zagi ba ce.

Ga abin da muke nema. Kowane kantoma ya zo rediyo duk wata uku, ya karanta da Hausa abin da mairi ta tara da abin da ta kashe, a buɗe layi. Ƙungiyoyin manoma, na makiyaya, na mata da na ƴan kasuwa su zo da tambayoyinsu a rubuce. Mu kuma mun yi alkawari, ba za mu karɓi ko dala ba kan wannan fili.

Ba a fafe gora ranar tafiya. In ba mu koyi tambaya yanzu ba, ranar da zaɓe ya dawo da sabulu za a sake sayen mu.

Baba na Cadawa, layinmu buɗe yake daren Juma'a. Sauran jama'a, ku rubuta nan ƙasa: yaushe rabon da a karanta muku lissafin mairinku?