Digirin sarrafa kasuwanci: me zai hana a kai ɗalibai rumbunan Agye da Gidan Rumji?

Duk shekara ɗaliban mastar na fannin tattalin arziki da gudanarwa, a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da ta Tawa, da makarantu masu zaman kansu, sukan bazama neman gurbin sitaj. Galibi banki suke nema ko kamfanin waya. Wanda ya samu, sai a ba shi kujera a lungu, ya yi wata uku yana jera takardu, ya dawo ya rubuta memuwar. Ya fita da digiri, amma bai taɓa yanke shawarar da za ta jawo riba ko asarar ko da dala ɗaya ba.

Alhali wurin koyon yana nan kusa. A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji akwai ƙungiyoyin manoma masu yin warantaj: da kaka, lokacin da hatsi ke araha, a zuba wake ko gyaɗa a sito, a sa makulli biyu, ɗaya na ƙungiya ɗaya na asusun lamuni, a karɓi bashi a kai. Da bazara in farashi ya hau a sayar, a biya bashin, a raba saura. A bakin faɗa abu ne mai sauƙi. A aikace sai an san yawan buhunan da suka shiga, da ruwan bashi, da abin da ƙwari za su ci, da ranar da ya dace a buɗe sito. In kasuwa ta ƙi tashi, wa zai tsaya gaban mutanen gari ya yi bayani?

Kuma kasuwar wannan yanki ba ta bin abin da ke cikin littafi. Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake toshe hanya, ga naira ta zube. Mai buhun aya a kasuwar Cadawa, wanda ya saba jiran 'yan kasuwar Katsina da Kano, dole ya sake lissafi cikin dare ɗaya. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa, yana riƙe da littafin kuɗin wata ƙungiya, ya fi wanda ya haddace labarin kamfanonin Amurka da Faransa sanin abin da ake kira haɗarin kasuwa.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar Maraɗi. Alhazan birni, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, haka suke horar da yaran gidansu: a aike ka da kaya, ka dawo ka ba da lissafi, sai an gamsu da kai a ba ka jari. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da CARE ta soma a jihar a 1991, suna riƙe asusu da ƙa'idar da za ta ba wasu ofisoshi kunya. A Agye kuwa furojen PPILDA na asusun FIDA ya jawo masu bincike ƙauyen Ɗan Saga saboda sassaben zamani. Sai dai yawancinsu masana gona da itatuwa ne. Masu ilimin lissafin kuɗi da kasuwa ba su cika leƙowa ba.

Akwai abin tsoro, gaskiya. Dukiyar talaka ba allon gwaji ba ce, kuma ɗan birni mai faransanci a baki yana iya rikita ƙungiyar da ke tafiya daidai. Don haka makulli da yanke hukunci su zauna hannun masu kaya. Ɗalibi ya riƙe lissafi, ya bi farashin kasuwanni mako mako, ya kawo shawara da Hausa, malaminsa na duba shi. Wasu ƙauyukan Gidan Rumji na bakin iyaka ma, matsalar 'yan bindiga ta sa ba a tura yaro can haka kawai.

Abin da ya rage shi ne kuɗin mota da masauki na kaka guda, da yarjejeniya tsakanin makarantun da ƙungiyoyin, wadda jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi za ta iya jagoranta tunda ita ce a kusa. A ganina kuma, ranar kare memuwar, ya kamata ma'ajin ƙungiyar ya zauna cikin masu ba da maki.