Ɗan Gari da Baƙo: Ra'ayi a Kan Ayyukan Keith Snell, Masanin Tarihin Karkarar Ingila

Da wuya ɗalibai su zauna hira a kan rayuwar ƙauye su tashi ba tare da wani ya ce zumunci ya mutu ba, wai mutanen da sun fi mu riƙon juna, birni da boko ne suka zo suka raba ɗa da mahaifi. Ni ma na sha faɗin haka, har na rubuta shi a takardar jarrabawa. Abin da ya sa na fara taka-tsantsan da wannan magana shi ne karanta ayyukan wani Bature masanin tarihi, Keith Snell, wanda ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, sa'an nan ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da tarihin karkara a Jami'ar Lesta ta ƙasar Ingila. Tun daga littafinsa na farko a 1985, tambaya guda mutumin nan yake ta juyawa, watau mene ne yake sa mutum ya zama ɗan gari, me garin yake ba shi, me kuma yake faruwa da shi in ya wayi gari ba shi da inda zai kira nasa. A nawa ganin, abin da ya fi kome muhimmanci cikin binciken nasa shi ne nuna cewa riƙon juna irin na ƙauye yana da iyaka, kuma iyakar da take ciyar da na ciki ita ce take korar na waje. Wanda duk zai yi kukan mutuwar zumunci, ya kamata ya fara sanin wannan.

Kafin mai karatu ya fahimci aikin Snell, tilas ne ya san yadda Ingila ta tsara taimakon matalautanta. A shekarar 1601, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, aka kafa doka wadda ta ɗora wa kowace gundumar coci nauyin matalautan da ke cikinta. Gundumar coci ɗan ƙaramin yanki ne, sau da yawa ƙauye ɗaya da gonakinsa, kuma akwai irinsu wajen 15,000 a Ingila da Wales. Masu gidaje da filaye na gundumar su ne suke biyan harajin matalauta, wakilan da aka naɗa daga cikinsu kuma su raba wa tsofaffi da marayu da marasa lafiya da waɗanda aiki ya yanke musu. To, tun da kuɗin daga aljihun mutanen gari yake fitowa, sai tambaya ta taso: wane ne namu? Dokar 1662 da waɗanda suka biyo bayanta su ne suka ba da amsa. Kowane mutum yana da gunduma ɗaya tak wadda doka ta san shi da ita. Yana iya gadonta, yana iya samun sabuwa ta hanyar kama hayar gida ko fili na fam 10 a shekara, ko koyon sana'a a hannun ubangida, ko yin barantakar gona ta shekara guda cur yana gwauro, ko biyan harajin gari, ko riƙe wani muƙami a cikinsa. Mace kuwa in ta yi aure, gundumar mijinta ita ce tata. Wanda talauci ya kama shi a garin da ba nasa ba, sai a kai shi gaban alƙalai biyu, ya rantse, ya ba da labarin rayuwarsa daki-daki, inda aka haife shi, wanda ya yi wa aiki, nawa aka biya shi, yaushe ya yi aure. In an gano gundumarsa, sai a rubuta takardar kora a mayar da shi can da iyalinsa.

Waɗannan takardun rantsuwa, da suka daɗe jibge a ɗakunan ajiya, su Snell ya ɗauka ya gina littafinsa na farko, Annals of the Labouring Poor, wanda ya duba halin leburorin gona na Ingila daga 1660 zuwa 1900. Dabarar da ya yi mai sauƙi ce, amma ta burge ni ƙwarai. Ya ce tun da yawanci sai mutum ya rasa aiki ake kai shi gaban alƙali, to kwanan watan da ke kan takardar yana nuna lokacin da aikin ya yanke. Da ya tara dubban takardu ya jera su wata-wata, sai ga hoton shekarar talaka ya fito fili. A kudanci da gabashin Ingila, inda ake noman hatsi, rashin aikin maza a lokacin hunturu ya yi ta tsananta daga ƙarshen ƙarni na 18. Mata kuma, waɗanda a da suke cin kakar girbi tare da maza, aka riƙa janye su daga girbin, aikinsu ya koma cirar ciyawa da makamantansa masu ƙaramin lada. Ya kuma ƙalubalanci masanan da suka ce shinge hurumin gari, watau mayar da filayen kiwon jama'a mallakar manyan manoma, ya ƙara wa talaka aikin yi. A nasa lissafin, talakan da ya rasa inda zai kiwata saniyarsa ko ya yi itace ya koma dogaro da lada kaɗai, kuma in lada ta yanke ba shi da madafa sai asusun gunduma.

Ba kowa ne ya yarda da wannan dabara ba. Wata masaniyar tarihi, Norma Landau, ta yi musu da shi a rubuce tsakanin 1988 da 1991, tana cewa kafin 1795 hukumomin gunduma sukan kai baƙo gaban alƙali tun bai nemi taimako ba, don kawai su san matsayinsa, saboda haka kwanan watan takarda ba lalle ne ya nuna ranar da yunwa ta kama shi ba. Snell ya mayar da martani, ita ma ta sāke mayarwa. Ni dai ɗalibi ne, ban isa in raba wannan gardama ba, amma na lura da abu guda: ko wane ne ya fi gaskiya a cikinsu, dukansu sun tabbatar da cewa ido yana kan baƙo tun daga ranar da ya sauke kayansa.

Wannan ne ya kawo mu ga littafin da na fi so, Parish and Belonging, na shekarar 2006. A nan Snell ya bi sawun son gari a wuraren da mai gaggawa ba zai duba ba. Ya ƙirga rajistar aure ya ga yadda talakawan ƙauye suka fi aurar 'yan gundumarsu. Ya shiga maƙabartu yana karanta duwatsun kaburbura, ya ga yadda iyalai suke biyan masassaƙi ya rubuta a ƙarƙashin sunan mamaci cewa shi ɗan wannan gunduma ne, kamar wani laƙabin girma, al'adar da ta yi ƙarfi a ƙarni na 19, ta ja baya wajen ƙarshensa, ta kusan ɓacewa a ƙarni na 20. Ya kuma nuna cewa ko bayan sabuwar dokar 1834, wadda ta haɗa gundumomi rukuni-rukuni ta gina gidajen aikin matalauta da kowa yake tsoro, mafi yawan masu karɓar taimako a gidajensu suka ci gaba da karɓarsa, cikin mutanen da suka san su. A wani binciken da ya yi kan wasiƙun da talakawa suka aika wa wakilan gunduma suna neman agaji, ya tarar cewa idan suka ce gida, sau da yawa gundumar da doka ta ba su suke nufi, ko da kuwa sun yi shekaru ba su taka ta ba.

Amma fa a cikin wannan littafi ne kuma ya keɓe babi guda ga ƙyamar baƙo. Mutumin ƙauyen da ke mil biyu ko uku ana kiransa bare. Samarin gari sukan tare saurayin da ya zo zance daga wata gunduma su yi masa duka ko su jefa shi a kududdufi. Ƙauyuka suna yi wa juna zambo da sunayen wulaƙanci, ana dambe a kan iyaka. Manoma kuma, don kada bara ya cika shekara ya zama nauyi a kansu, sai su ɗauke shi aikin mako 51 su sallame shi. Mafi muni, da yake ɗan da aka haifa ba aure yakan ɗauki gundumar da aka haife shi, an sha fitar da mace mai tsohon ciki a tsallakar da ita iyaka don ta haihu a ƙasar wasu. Mutanen da suka aikata haka su ne dai waɗanda suke biya wa tsohuwar garinsu kuɗin haya da na gawayi, suna sayen takalma ga marayu. Hannu ɗaya ne yake yin duka biyun, dalilin kuma ɗaya ne. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Turawan Ingila sun mayar da irin wannan tunani doka, da hatimi da sa hannun alƙali, ba su kuma share ragowarta daga littafin doka ba sai 1948.

Wani zai ce to ai an huta, tun da gwamnatin ƙasa ta karɓi nauyin, talaka yana da haƙƙinsa duk inda ya zauna. Snell bai tsaya nan ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin adalcinsa. A littafinsa na 2016, Spirits of Community, ya bi yadda Turawan Ingila suka yi ta jin cewa sun yi hasarar wani abu, daga 1750 zuwa 2000, ta cikin zane-zanen George Morland na matalauta a kan hanya, da littattafan Thomas Hardy, da mujallun coci, har da labaran 'yan sandan ciki waɗanda a cikinsu ƙauye ya zama wurin zargin juna da kisan kai. Daga nan sai ya juya ga kaɗaici kansa. A wata maƙala da ya buga a 2017, ya nuna cewa kafin zamanin masana'antu gidajen da mutum ɗaya yake zaune shi kaɗai ba su wuce kimanin kashi 5 cikin 100 ba, wasu ƙauyukan ma babu ko ɗaya. Adadin ya yi tashin gwauron zabo tun daga shekarun 1960, har ya kai kashi 31 cikin 100 a Birtaniya, a wasu biranen Turai da Amurka ta Arewa kuma kashi 60 ko fiye. Ba a taɓa ganin irin wannan ba a tarihi. A watan Janairu na 2018 gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista, Tracey Crouch, ta ɗora mata kula da matsalar kaɗaici. Ƙasar da a da take ɗaure talaka da igiyar garinsu har ya gaji, ita ce ta wayi gari tana neman wanda zai ƙwanƙwasa wa tsoho ƙofa.

A nan ina da 'yar ja da masu ɗaukar alƙaluman nan su yanke hukunci da gaggawa. Zama kai kaɗai daban, jin kaɗaici daban, kuma Snell da kansa ya bambanta su. Akwai tsohuwar da ta zaɓi ɗakinta da mabuɗinta domin fanshonta ya ishe ta, akwai kuma amaryar da take cikin gida mai mutum 30 amma ba ta da wanda za ta gaya wa damuwarta. Matar nan da aka tsallakar da ita iyaka tana naƙuda a ƙarni na 18, a zamanin da ake cewa kowa na kowa ne, ban san wanda ya kai ta kaɗaici ba. Saboda haka ban yarda a ce da can aljanna ce, yanzu kuma kufai ba. Abin da ya canja shi ne wanda kaɗaicin yake faɗa wa. A da yakan faɗa wa wanda gari ya ƙi, yau kuwa yana iya samun wanda ba wanda ya ƙi shi, sai dai ba wanda ya san da zamansa.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan ɗalibin Hausa da kaburburan Ingila? Ruwansa biyu ne. Na farko, duk wanda ya taɓa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar shaidar zama ɗan asali, don samun gurbin karatu ko tallafi ko aikin gwamnati, ya ɗanɗani abin da ya yi kama da dokar 1662. Mutum yana iya zama haifaffen gari, ubansa ma haka, ya biya haraji a nan, ya binne iyayensa a nan, amma ranar rabo a ce ya koma inda kakansa ya fito. Dokar Ingila, duk da muninta, ta bar ƙofofi da baƙo zai bi ya zama ɗan gari, ko ta aiki ko ta haya ko ta haraji. Tamu takardar kuwa jini take tambaya.

Na biyu shi ne hanyar bincike. Mun saba, in za mu rubuta kundin kammala digiri a kan tarihin wani gari, mu jero sunayen sarakuna da shekarun sarautarsu mu ce mun gama. Ba a rasa waɗanda suka nuna wata hanyar ba. Mary Smith ta rubuta rayuwar Baba ta Karo daga bakinta, aka buga a 1954, Polly Hill kuma ta zauna a Batagarawa ta fito da littafinta na 1972 a kan noma da gandu da talauci. Amma har yanzu akwai littattafan shari'a na kotunan alƙalai, da rajistar haraji da jangali, da rahotannin gundumomi a Gidan Adana Kayan Tarihi na Kaduna, inda talaka ya yi magana da bakinsa saboda an kai shi ƙara ko shi ya kai. A cikinsu ne za a ga wanda gandu ya riƙe da wanda ya saki, da inda bazawara marar ɗa take kwana, da abin da ɗan ci-rani yake nufi in ya ce gida. Ɗalibin da ya iya Hausa da ajami ya fi kowane baƙon masani damar karanta su, kuma ina roƙon malamanmu, in lokacin rabon batutuwan kundi ya zo, su tura ko da mutum biyu ne daga cikinmu Kaduna.