RA'AYINMU: Kwalara Ruwan Jiki Take Ƙwacewa

Duk lokacin da damina ta sauka a Kurmi, kwatami ya cika ya haɗu da rijiya, sai hankalinmu ya koma kan 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun. Dalili kuwa shi ne kwalara, watau ciwon amai da gudawa.

Irin ƙwayar da ke damunmu ana kiranta El Tor, sunan wani sansanin killace alhazai a ƙasar Masar inda aka fara gano ta a 1905. Ta ɓarke daga Indonesiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970, kafin shekarar ta ƙare ta shigo Nijeriya. A 2021 kaɗai ta kashe mutum fiye da 3,000 a ƙasar nan.

Likitoci sun fara bambanta El Tor da sauran ne saboda wani dafi da take fitarwa mai huda jajayen ƙwayoyin jini har su fashe, in an gwada da jinin tunkiya. To, kada wani ya ji haka ya ce kwalara shan jini take yi, ya garzaya kemis neman maganin ƙarin jini. Ƙwayar a cikin hanji take zama. Wancan dafi yana taimakawa wajen raunata bangon hanji, amma babban mai ɓarnar wani dafi ne dabam, wanda ke sa hanji ya riƙa tsiyayar da ruwa da gishirin jiki. Shi ya sa gudawar ke fita fara kamar ruwan wankin shinkafa, ido ya faɗa, fata ta yamutse. Ƙato lafiyayye da safe yana iya rasuwa kafin magariba.

Abin da ya fita shi za a mayar. A sami tafasasshen ruwa lita 1 da ya huce, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, ko kuwa a jiƙa ƙunshin ORS. A yi ta bai wa majinyaci yana kurɓa, ko da yana amai, a kuma nufi asibiti da shi nan take. In aka yi haka da wuri, cikin mutum 100 da wuya a rasa 1. In aka ɓoye shi a ɗaki don tsoro ko kunya, mai tsanani yakan kashe kusan rabin waɗanda ya kama.

Muna kira ga sarakunan Hausawa da limaman Sabo su yi wannan bayani a masallatai. Ku kuma 'yan garuwa da masu shayi, ku san inda kuke ɗebo ruwa, ku wanke jarka, ku wanke hannu da sabulu bayan kewayawa. Lafiyar unguwa a hannunku take, mutuncinmu a baƙon wuri ma haka.

Hukuma kuma ta kawo famfo unguwanninmu, domin mu ma muna biyan haraji. Allah ya kiyaye mu, amin.