Waya Ta Zama Rumbu, Sai a Nemo Mata Kwado

A da, idan manomin ƙasar Funtua ko Malumfashi ya sayar da masararsa ko audugarsa, kuɗin a lalita suke komawa gida. Yau kuwa ciniki da yawa da ake ƙullawa a kasuwannin hatsi irin na Dandume da Bakori ta waya ake biyansa: a loda buhunan, ɗan kasuwa ya tura kuɗi, saƙon banki ya shigo, a yi sallama. Ƙarancin takardun Naira da aka sha a farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin wasu daga cikinsu, shi ya ƙarasa tura mutanen karkara ga wannan hanya. Ke nan waya ta zama rumbu. Abin mamaki shi ne, mutumin da ba zai kwana bai kulle rumbunsa ba, shi ne kuma zai bar wayarsa a buɗe a shagon caji tun safe har la'asar.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya gane shi ne, ɓarawon waya a yau layi yake nema fiye da wayar kanta. Layin da aka buɗe asusun banki da shi, ta kansa ake cire kuɗi da gajerun lambobin nan na banki, kuma ta kansa lambar sirri ta wucin gadi ke zuwa. Kulle fuskar waya kaɗai bai wadatar ba, domin ɓarawo zai cire layin ya sa a wata waya. Maganin wannan shi ne a sa wa layin kansa lambar sirri, abin da ake samu a saitin tsaro na kowace waya, har da ƙanana masu maɓalli. Sai dai a yi hattara: kuskure sau uku yana kulle layi, sai an nemo lambar PUK da ke jikin katin da layin ya zo da shi. Don haka a adana wannan katin.

Na biyu, a tabbata da sunan wa aka yi wa layin rajista. Tun Disamban 2020 gwamnati ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma a Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. A cikin gaggawar wancan lokaci, dattawa da matan aure da yawa sun bari an yi musu rajista da lambar ɗa ko ƙane ko maƙwabci. Ranar da layin ya ɓace, wanda sunansa ke kan rajistar shi kaɗai kamfani zai saurara. Wanda ya san haka lamarinsa yake, ya gyara tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani na iya karɓe shi ya sayar wa wani, alhali banki bai daina aika saƙonni ta kansa ba. Duk wanda ya sauya layi, ya je banki ya sauya lambar da ke kan asusunsa.

Na uku, bakin mutum. Babu bankin da zai kira ka ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar wucin gadin da aka turo maka. Duk wanda ya kira da sunan tallafin taki ko rancen manoma ya ce a karanto masa BVN da lambar da ta shigo yanzu, mazambaci ne, komai daɗin bakinsa. Irin wannan tarko ake ɗanawa a WhatsApp: a ce za a sa ka a zauren ƙungiya, a nemi lambobi shidan da aka turo maka, kana faɗa an ƙwace asusun, an shiga roƙon kuɗi da sunanka wurin 'yan'uwa. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook ba ya cin minti biyar, kuma yana toshe wannan kafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wurin mai POS ma, mutum ya danna lambarsa da hannunsa. Mai sayar da hatsi kuwa kada ya saki kaya don an nuna masa hoton rasit. Ya duba ragowar kuɗin asusunsa da kansa.

Na huɗu, takarda ba ta mutu ba. Mutanen wannan yanki ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtua da Malumfashi da Bakori. Wanda duk lissafinsa ke cikin waya ya ga tasku a makonnin nan. A samu ɗan littafi a gida, a rubuta lambar asusu, da lambar kiran banki, da lambar da ake dannawa a toshe asusu daga wayar wani, da lambar IMEI da ake gani idan an danna *#06#. Lambar sirri dai ba a rubuta ta kusa da kati. Idan waya ta ɓace, a fara da toshe asusun banki, sannan layi, sannan a kai rahoto ga 'yan sanda. Idan kamfanin waya ya yi biris da ƙorafi, hukumar NCC tana da layin kyauta, 622.

Abu na ƙarshe ya shafi magada. Rai ba ya sallama, kuma kuɗin da iyali ba su san da su ba sukan kwanta a banki shekara da shekaru, marayu na fama. Ba a ce mutum ya ba kowa lambar sirrinsa ba, amma ya dace wani amintacce ya san bankunan da yake ajiya da basussukan da ke tsakaninsa da mutane.

Nauyin wannan aiki yana kan ɗalibai da malamai da ma'aikata, waɗanda su ake miƙa wa waya a ce "duba mini". Kafin kakar bana ta kankama, kowa ya zauna da mahaifinsa da mahaifiyarsa rabin sa'a ya bi musu waɗannan matakai. Guminsu na damina guda ne ke cikin wannan ɗan layin.