Karen Ƙanƙara a Zafin Suleja: Ina Dalili?

Jama'a, wani sabon yayi ya tsallako mana daga Abuja, kuma idan muka yi shiru zai zauna daram a unguwarmu. Samarinmu sun fara sayen karnukan ƙasashen sanyi suna yawo da su a igiya. Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne wani fari tas mai gashi buzu-buzu, ana kiransa Samoyed. To, kafin a ce malamai sun fiye tsanani, bari mu fara da tarihin karen kansa.

Asalinsa Siberiya ne, can arewacin Rasha, wajen wata ƙabila mai suna Nenets, wadda a da ake kira Samoyed. Makiyaya ne kamar Fulaninmu, sai dai dabbar kiwonsu barewar ƙanƙara ce. Karen yana tare musu garke, yana jan kaya a kan ƙanƙara, da dare kuma ya kwana cikin bukkarsu su ji ɗumi. A 1889 wani Bature, Ernest Kilburn-Scott, ya kai irinsa Ingila, daga nan aka mai da shi karen ado.

Ku dubi hikimar Ubangiji. Ya yi masa gashi rufi biyu, na ciki mai laushi kamar auduga, na waje mai kauri, don ƙasar da sanyinta kan wuce digiri 40 ƙasa da sifili. Shi ne za a ɗaure a tsakar gida a watan Maris, lokacin da Suleja ke haura digiri 35, mu kanmu muna neman inuwa? Haba! Dabba tana haki, harshe a waje, wai mai ita yana burgewa. Wanda ya tausaya masa kuwa sai ya kunna janareta da na'urar sanyaya ɗaki saboda kare, alhali maƙwabcinsa bai ɗora tukunya ba.

Wasu za su ce ai don gadi ne, ɓarayi sun yi yawa. Mun ji. Amma wannan kare an san shi da son mutane, baƙo ma kaɗa masa jela yake yi. Haushi dai yana da shi, ya hana layi barci. Mai neman gadi da gaske, ga karnukan mafarautanmu, ga Azawak na Buzayen Nijar da Mali, masu gajeren gashi, waɗanda rana ba ta dame su ba.

Addini bai ce a tsani kare ba. A Bukhari akwai labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, akwai kuma na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. An yi rangwame ga karen farauta, na kiwo da na gona. Wanda ya ajiye ba don haka ba, ladansa na raguwa kullum. Risala da muka karanta a zaure ma haka ta koyar. To Samoyed a Suleja, wanne yake yi a cikin ukun?

"Kuɗina ne" ba hujja ba ce, domin za a tambaye mu ta ina muka samu, a ina muka kashe. Iyaye da masu ba da haya, ku sa ido. Wanda ya riga ya saya, amana ce a wuyansa: inuwa, ruwa mai sanyi, allurar rigakafin ciwon haukan kare, kuma kada ya sake shi cikin yara. Wanda bai saya ba, ya riƙe kuɗinsa ya ƙara jari. Allah Ya ganar da mu.