Motar da ke gane rami: Kafin ka biya kuɗi, tambayi wanda zai gyara ta

Duk wanda ya taɓa bin hanyarmu da daddare bayan an sheƙa ruwan sama ya san ƙarar nan: gam! Taya ta faɗa rami, ƙugunka ya amsa, direba ya yi salati, ya sauka da fitilar waya yana duba ko rim ya lanƙwashe. Shi ya sa bidiyon motocin da ke wuce rami kamar ba su taka komai ba yake yawo sosai a TikTok da WhatsApp, matasa suna ta cewa wannan ita ce motar da aka ƙera domin mu.

Ni aikina rubuta manhaja, kuma da waya da YouTube na koya. Da na zauna na karanta yadda abin yake aiki, sai na ga gaskiya ne ba siddabaru ba. Amma ra'ayina shi ne kada matashi ya zuba kuɗinsa a irin wannan mota sai ya tabbatar akwai mai gyara ta a garinsu.

Mu fara da yadda take aiki. A mota ta gargajiya, sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shakazoba kuma tana hana motar ci gaba da tsalle bayan ta daki wani abu. Taurinta ɗaya ne tun daga kamfani, ko kana kan kwalta mai santsi ko kana cikin gargada. A sabon tsari, shakazobar tana da bawul mai aiki da lantarki, kwamfuta ce ke ba ta umarnin ta yi tauri ko ta yi laushi.

Misalin da aka fi sani shi ne Ford Fusion V6 Sport ta 2017. Tana da sensa 12 da ke lura da motsin motar, kwamfutarta kuma tana iya sauya taurin shakazoba a kowane milisakan 2. Da zarar tayar gaba ta fara gangarawa bakin rami, sai shakazobar ta ƙame, ta hana tayar nutsewa can ƙasa, don haka ba ta dukan ɗaya gefen ramin da ƙarfi. A lokaci guda ana aika saƙo ga tayar baya ta shirya. Kamfanin ya nuna haka ta hanyar zuba ƙwallayen tebur-tenis a cikin rami, motar ta wuce ba ta murƙushe su ba. Ka yi lissafi: a gudun kilomita 60 a awa ɗaya, mota tana cin kusan santimita 3 ne kacal a milisakan 2. Kafin ka kifta ido an gama yanke hukunci.

Mercedes ta bi wata hanya daban. A S-Class ta 2013 ta kawo Magic Body Control, inda kyamara mai ido biyu a jikin gilashin gaba ke duba hanya har nisan mita 15, ta shirya kowace taya kafin a iso wurin. BYD ta China kuwa ta nuna Yangwang U9 a 2023 tana tsalle a tsaye, har tana tafiya da taya uku.

Sensar da ke jin motsin nan 'yar'uwar wadda ke cikin wayarka ce, wadda ke juya sikirin idan ka kwantar da wayar. Birnin Boston na Amurka ma ya taɓa fitar da manhajar Street Bump wadda ke amfani da sensar waya da GPS wajen gano inda hanya ta lalace. Ka ga ke nan ba wani abu ne da ya fi ƙarfin fahimtarmu ba.

To ina matsalar? Yawancinmu ba sabuwar mota muke saya ba. Ta Kwatano ce ko ta Beljiyam, wadda ta riga ta yi shekara takwas ko goma a hannun wani. Shakazoba kuma aba ce mai ƙarewa kamar taya da burki. Wani abokina ya sayi irin wannan salun, ba ta yi wata shida ba sai fitilar gargaɗi ta kunnu a dashbod, motar ta koma tauri kamar amalanke. Bakanikensa ƙwararre ne a inji, amma ba shi da na'urar da za ta karanta kwamfutar shakazoba. Da aka nemi sabuwa a kasuwa ba a samu ba, wadda za a yi odarta daga waje kuma kuɗinta ya ninka na gama-gari sau da yawa. Ƙarshe aka cire aka sa ta gargajiya. Har yau fitilar tana kunne, kuɗin da ya ƙara don wannan fasaha kuma ya bi ruwa.

Akwai kuma iyakar abin da fasahar za ta iya. Tsarin Ford yana taimakawa ne a ramin da taya za ta iya tsallakewa cikin gudu. Ramin da ya cinye rabin titi, wanda sai ka sa giya ɗaya ka lallaɓa, babu kwamfutar da za ta cece ka. Tsarin kyamara kuma yana son haske da gilashi mai tsabta, ga shi mu muna da ƙurar hunturu, da damina kuma ruwa ya cika ramin ya ɓoye zurfinsa. Sannan irin waɗannan motoci sukan zo da manyan rim da siraran tayoyi, Fusion Sport ɗin nan inci 19 ne nata. Siririyar taya ita ce ta fi saurin kumbura a gefe idan ta daki bakin rami.

Wani zai ce ai haka aka yi ta tsoron motoci masu injekta lokacin da suka fara maye gurbin kafireto, yau ga shi kowane gareji ana gyara su. Gaskiya ne, kuma nan ne nake ganin dama ga masu karanta wannan shafi. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da mashigar OBD-II, tana nan ƙarƙashin sitiyari. Da ɗan adafta mai Bluetooth da wayar Android za ka karanta lambobin matsalar inji. Sauran kwamfutocin motar, har da ta shakazoba, suna buƙatar manhaja ta musamman, kamar FORScan ga motocin Ford, Lincoln da Mazda. Matashin da ya iya filashin waya zai iya koyon wannan, kuma kanikawa suna buƙatar irinsa a kusa da su.

Idan za ka sayi salun, ga shawarata. Kada babban sikiri da fitilun cikin mota su ɗauke maka hankali, waɗannan wayarka ma tana yin rabin aikinsu. Duba tsayin motar daga ƙasa da kaurin tayarta. Tambayi ko shakazobarta mai lantarki ce, idan haka ne ka je kasuwar kayan gyara ka ji farashin guda ɗaya kafin ka biya. Ka sa a jona na'ura a karanta dukkan kwamfutocin motar, domin akwai masu goge fitilar gargaɗi kafin su kai mota kasuwa. Abubuwan da suka cancanci ƙarin kuɗinka su ne ABS, tsarin hana santsi na ESC, jakunkunan iska da sensar iskar taya.

Idan ka samu mai gyara da kayan gyara a kusa, saya ka more. Idan ba ka samu ba, ɗauki mai shakazoba ta gargajiya, ka riƙe canjin don sababbin tayoyi huɗu.