Wiwi a tsakiyar rake: maganar da muka ƙi yi a Dawce

 Yau maganar babu daɗi, amma shiru ya fi ta muni.

A makon da ya wuce wani matashi ya turo bidiyo cikin zauren WhatsApp ɗinmu na 'yan gari. Wani Bature ne tsaye a ɗaki mai fitilu, riƙe da almakashi, yana nuna yadda yake yi wa tabar wiwi aski, yana auna mata taki kamar mai auna wa jinjiri magani. Yaron ya rubuta a ƙasa wai ga noman da ke fitar da mutum daga talauci, mu muna nan muna fama da rake. Wasu suka yi dariya, wasu suka tafa masa. Bayan kwana biyu wani dattijo ya kira mu gefe, ya ce shi da idonsa ya ga tushe huɗu a bayan shingen wani lambu, an ɓoye su tsakanin rake, sun sha ban-ruwa sun fi raken kyan gani. Ba za mu faɗi sunan kowa ba, ba kuma tonon asiri ya kawo mu ba. Abin da ya dame mu shi ne mutane nawa suka gani suka kau da kai.

Bari mu ɗauki hujjojin masu kare wannan abu ɗaya bayan ɗaya, don kada a ce mun yi musu hukunci a bayan ido.

Na farko suna cewa ai ganye ne, Allah ya halicce shi. To zaƙami ma Allah ya halicce shi, tunfafiya ma haka. Wa ya taɓa yi wa iyalinsa miyar zaƙami don ganye ne? A cikin wiwi akwai wani sinadari da likitoci ke kira THC, shi ne ke juya kai. Kuma duk wannan aski da awon taki da kuka gani a bidiyo, manufarsa ke nan: a sa ganyen ya fi bugarwa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna gargaɗi cewa wanda ya fara sha da ƙuruciya, ya kuma dawwama a kai, haɗarin taɓuwar hankalinsa ya fi na sauran mutane. Mu nan ba ma buƙatar littafi ya gaya mana. Kowace unguwa tana da yaron da aka sani da ladabi da ƙoƙari a lakwal ko a makarantar allo, yau yana zaune a tasha yana hira da iska. Galibi kuma wiwi ba ta tafiya ita kaɗai, tana jan tramol da sholisho a bayanta. Malamanmu sun sha faɗa a masallaci cewa abin da ke gusar da hankali haramun ne, kuma ba su ware ganye daga ruwa ba.

Na biyu suna cewa ai Turawa sun halatta. Gaskiya ne Uruguwai ta halatta a 2013, Kanada ta bi a watan Oktoba na 2018. Amma ku ba da labarin duka mana. A Kanada akwai shekarun da in ba ka kai ba, ba a sayar maka, akwai shaguna masu lasisi, akwai iyakar giram 30 da mutum zai riƙe a waje, akwai asibitoci da ke jiran wanda abin ya kayar. Maroko, da ake yawan kawo misali da ita don ƙasar Musulmi ce, ta yi doka a 2021, amma ta magani da masana'antu ce kawai, a larduna uku na yankin Rif, ta hannun ƙungiyoyin manoma masu izini da hukumar da ke sa ido. Shan ta don maye haramun ne a can har yau. Mu a nan wa zai tsaya a bakin lambu ya tambayi shekarun mai saye? In yaro ya zautu a Dawce, motar haya za a nema a kai shi Damagaram, a sayar da akuya a sayi magani, in kuɗi ya ƙare a dawo da shi a sa masa mari a ɗaki. Wannan shi ne namu tsarin. Wanda bai da rijiya ba ya wasa da gobara.

Kuma dokar ƙasarmu a fili take. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999 ta hana noman wiwi da sayar da ita da shan ta. Hukumar OCRTIS don wannan aiki aka kafa ta. A tsallaken iyaka ma NDLEA na nan, Buba Marwa ke jagorantar ta tun Janairun 2021. Wanda ya shuka tushe huɗu yana ganin wasa yake, ranar da jandarmomi suka tsaya a bakin shinge zai san kaso ba ya tambayar ko tushe nawa ne kafin ya buɗe baki. Kuma lambun na wa ne? Na mahaifinsa. Tsohon da bai taɓa taka ƙofar jandarmari ba shi za a fara tambaya.

Na uku, wadda ita ce mai nauyi, suna cewa talauci ne. Nan kam ba za mu yi musu ƙarya ba. Mun san abin da ake ciki. Gona ɗaya an raba ta tsakanin magada har ta koma kamar tabarma. Tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sana'ar ruwa-ruwa da samari da yawa suka dogara da ita ta yi sanyi. Bayan haka aka rufe iyaka, ciniki ya tsaya. Ba mu manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kan hanyar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga wannan yanki namu na Kance. Yunwa ce ta fitar da su. Don haka duk mai ce wa matashi ka yi haƙuri kawai, alhali shi ya ƙoshi, bai yi adalci ba.

Amma mu tambaya: wa wiwi ta taɓa azurtawa a cikin ƙananan manoma? A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na ƙullin wiwi a wani sito a Yamai, kayan da suka taso daga Lebanon, suka bi ta tashar ruwan Lome, za su Libiya. Tan 17, jama'a! Nan kuɗin yake, wurin masu manyan motoci da abokan hulɗa a ƙasashe uku huɗu. Kai mai tushe huɗu a bayan rake, kasuwarka ina? Ba Turai za ka kai ba. Ƙaninka za ka sayar wa, da ɗan maƙwabcinka, da yaron da ke tura baro a kasuwar Matameye. Dalar da za ka samu daga aljihun unguwarku za ta fito, kuma da ita za a biya da hankalin yaran unguwarku. Gobe wanda ka sayar wa shi zai haura katangarku ya kwance tunkiyar innarka don ya sake saye.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne a ce wai sai Bature ya koya mana yi wa tsiro aski. Haba! Ku fita bayan gari ku ɗaga kai. Wa ya raya waɗannan gawo da suka cika gonakin Matameye da Magarya da Mirya? Bayan farin 1984 ƙasar nan ta kusa zama fili. Iyayenmu ne suka bi kututture ɗaya ɗaya, su zaɓi tsiron da ya fi ƙarfi su bar shi, su sassabe sauran, su kare shi daga awaki da masu gatari, abin da ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 ta wannan hanya a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200. Daga ƙasashen waje ake zuwa kallo. Gawo ya zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ganyen ya zama taki, da rani ya ba dabbobi 'ya'ya da inuwa. Jikan wanda ya yi wannan aiki ne zai ɗauki ruwan Korama da takin da aka ci bashi aka saya ya zuba wa abin da zai haukata ƙannensa?

Yanzu mu juyo kanmu, mu manya, don laifin ba na yara kaɗai ba ne. Yaron da ya iya ɓoye tsiro wata da watanni, yana ba shi ruwa a kan lokaci, yana lura da ganyensa kullum, wallahi manomi ne. Hannu gare shi. Mu ne muka riƙe lambu ƙam, muna sa shi aiki daga safe har la'asar, in an sayar da rake a ba shi na shayi. Me zai hana a yanka masa kwali biyu uku a ce wannan naka ne, abin da ka samu naka? Zogale in an iya datse shi yana ba da ganye shekara zagaye, kuma ba ya kwantai a kasuwa. Ga tattasai, ga albasa, ga kabeji da salati, ga aure na mangwaro da lemo wanda mai hannu ke ci da shi. Babu ɗaya da zai saya maka mota a wata shida, amma babu wanda zai sa ka tsallake shinge in ka ji ƙarar babur.

Ga abin da muke roƙo. Mai lambu ya riƙa zagaya lambunsa har lungu, ya daina cewa ƙafa na ciwo. Wanda ya ga tsiron ya samu uban yaron a asirce, a tumɓuke a ƙone tun kafin magana ta fita. In an yi gargaɗi an ƙi ji, a kai wa mai unguwa da mai gari, su san matakin da ya dace. Masu kula da zaurukan WhatsApp su goge irin wannan bidiyo, su kuma kira wanda ya turo su yi masa magana ta hankali, ban da zagi. Limamai su taɓo batun ranar Juma'a da sunansa, a daina kewaye-kewaye. Magajin gari da 'yan majalisar komin, in tallafin iri ko taki ko injin ban-ruwa ya zo, a sa samari marasa gona a sahun gaba. Wanda kuma ya riga ya faɗa shaye-shaye, ɗanmu ne, a kai shi likita, a daina ɗaure shi kamar dabba.

Mun san wasu za su shigo ƙasan wannan rubutu su ce mun tsufa, ba mu waye ba. Bismillah, fili naku ne, ku kawo hujja. Sharaɗi ɗaya: duk mai kare noman wiwi a Dawce ya fara gaya mana ko zai yarda ɗansa na cikinsa ya zama mai sayen farko.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a lambunanmu. Ku tura wa na nesa su ma su ji.